Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Raddi Ga Masu Cewa Yunwa Na Wasa Ƙwaƙwalwa

Akwai wata magana da na tashi ina ji a Kafanchan, a bakin Musulmi da Kirista, a zauren malam, a harabar coci, har a ɗakin kwanan ɗalibai. Cewa ake yi cikin da ya ƙoshi ba ya karatu, wanda ya rage ci shi ne kansa ke buɗewa. Iyayenmu sun faɗa, malamanmu sun maimaita, kuma babu wanda ya faɗe ta da mugun nufi. Ni kaina na riƙe ta shekaru masu yawa, na kuma isar da ita ga na ƙasa da ni. Yau ina neman izinin magabata in yi mata raddi, domin na ga inda ta kai wata yarinya ta gidanmu.

'Yar ƙanwata ce. A lokacin tana ajin ƙarshe a wata makarantar kwana ta 'yan mata a nan kudancin Kaduna, tana shirin jarrabawar WAEC da JAMB. Ta dawo hutu a tsakiyar bazara, lokacin da kowa ke neman inuwa, sai na tarar da ita sanye da rigar sanyi. Wuyanta ya yi tsawo, idanunta sun faɗa, agogon hannunta yana zamewa har kusa da gwiwar hannu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ita ce ta farko a madafa. Ita ke dafa gwaten acca, ita ke zuba wa kowa, tana tsaye tana tambayar ko gishiri ya ji. Nata kwanon kuwa sai ta yi ta juya cokali a ciki har ya huce, ta rufe, ta ce za ta ci an jima.

Na ja uwarta gefe. Ta ce, "Yaya, bar ta. Karatu ne ya sa ta a gaba, kuma azumi take yi don neman nasara. Ba ka ga sakamakonta ba? Ita ce ta ɗaya a ajinsu." Na tambayi yarinyar da kanta. Ta ce, "Kawu, idan na ci abinci kaina nauyi yake yi. Idan ban ci ba, komai tar nake ganinsa."

Bari in fara da gaskiyar da ke cikin maganar magabata, domin akwai ta. Duk wanda ya taɓa cika cikinsa da sakwara da rana tsaka ya ɗauki littafi ya san abin da ke biyo baya. Zarin ci yana kawo kasala, yana kawo ƙiba mai cutarwa, yana buɗe ƙofar ciwon suga da hawan jini. Addinanmu duka biyu sun hore mu da tsakaitawa, kuma azumi ibada ne mai daraja. Da a nan maganar ta tsaya, da ba ni da abin cewa. Inda muka rabu shi ne lokacin da aka ja ta aka ce tunda yawan ci yana dakushe basira, to ƙarancin ci yana wasa ta, kuma muddin yarinya tana cin jarrabawa to lafiyarta lau. Wannan ƙarin shi ne kuskuren, kuma kuskure ne da kan ci rai.

Abin da ke damun 'yar ƙanwata yana da suna a likitance: anoreksiya, wato cutar ƙaurace wa abinci. A shekarar 1873 wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa mata wannan suna, a daidai lokacin da Charles Lasègue ke bayanin irinta a Faransa. Mai wannan cuta yana hana kansa abinci da gangan har jikinsa ya faɗi ƙasa da ma'aunin da ya dace da tsayinsa da shekarunsa, kuma duk yadda ya rame ba ya ganin haɗarin da yake ciki. Ta fi kama 'yan mata a shekarun balaga, amma samari ma ba su tsira ba. Jinin al'ada kan ɗauke, gashi ya riƙa zubewa, bugun zuciya ya yi ƙasa, sanyi ya addabi mutum ko da ana zafi. A 2011 an tattara sakamakon bincike 36 aka gano cewa mutuwa a tsakanin masu wannan cuta ta kusa ninka sau shida abin da ake tsammani ga sa'o'insu, kuma ɗaya cikin biyar na waɗanda suka mutu su suka kashe kansu. Cikin cututtukan da suka shafi tunani, tana sahun gaba wajen kisa.

To me yunwa ke yi wa ƙwaƙwalwa? Ƙwaƙwalwar baligi ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jikinsa ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa yana hutawa. Ba ta da rumbun ajiya na kirki. Kullum sai an kawo mata ta hanyar jini, dare da rana, ko mutum na barci. Idan abinci ya yanke, jiki yakan ƙona kitsensa, ya koma kan tsoka, har tsokar zuciya, don ya ciyar da ita. Idan abin ya daɗe, ita ma sai ta fara biyan kuɗin. A 2022 wata haɗakar masu bincike mai suna ENIGMA ta tattara hotunan ƙwaƙwalwar mata kusan 700 masu anoreksiya daga cibiyoyi 22 a ƙasashe daban-daban, ta gwada su da na mata kusan 1,000 masu lafiya. An ga ɓawon ƙwaƙwalwar majinyatan, wato shimfiɗar sama inda tunani da lissafi ke gudana, ya sirance a fili. An kuma ga cewa a wurin waɗanda suka fara mayar da jikinsu, sirancewar ta ragu. Wato ƙwaƙwalwa tana ramewa tare da jiki, tana kuma murmurewa tare da shi.

Mai riƙe da tsohuwar magana zai ce: in haka ne, yaya aka yi yarinyar ke zuwa ta ɗaya? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta ce zuciyar wannan rubutu.

Duk ɗan Kafanchan ya san abin da ya gina garinmu. Tun shekarun 1920 nan ce mahaɗar layin dogo, inda a da jirgin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ke zaɓar hanya, ko ya miƙe Kaduna ko ya karkata Jos. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sukan ce ƙarfin inji ba shi kaɗai ne tafiya ba. Akwai mutumin da ke juya layi a mahaɗa. Idan ya kasa aikinsa, jirgin zai ci gaba da gudu da dukkan ƙarfinsa, sai dai inda ya nufa ba nan ake son zuwa ba. Haka ƙwaƙwalwar mai anoreksiya take. Injin hadda yakan daɗe yana aiki. Bincike ya nuna cewa yawancin masu cutar basirarsu daidai take da ta sa'o'insu ko ma ta ɗara, kuma galibi yara ne masu naci, masu tsoron kuskure, waɗanda za su kwana a kan shafi ɗaya har sai ya zauna. Abin da ke fara lalacewa shi ne mai juya layi.

Farfesa Kate Tchanturia ta jami'ar King's College da asibitin Maudsley a Landan ta shafe shekaru tana nazarin wannan. Akwai gwajin da ake yi da kati masu launi da siffa da adadi daban-daban. A bar mutum ya gano cewa da launi ake jera su, sannan a sauya ƙa'idar ba tare da an gaya masa ba, a koma jerawa da siffa. Mai lafiya yakan yi kuskure ɗaya ko biyu ya gane an juya layi. Masu anoreksiya sun fi yawan nacewa a kan tsohuwar ƙa'ida ko da ana ta nuna musu ba daidai ba ne. Akwai kuma matsala ta biyu da aka gano: hankalinsu yakan maƙale a kan ƙananan abubuwa, babban hoton ya kuɓuce musu. Yarinya tana ganin kowane silin kaba, amma adon tabarmar ya ɓace mata. Masana sun ce wani ɓangare na wannan hali yakan riga cutar zuwa, yunwa kuma ta ƙara masa tsanani.

Na ga wannan da idona. Idan na tambayi 'yar ƙanwata ma'anar wani abu a darasin kimiyyar halittu, sai ta zubo shi kalma bayan kalma kamar yadda yake a littafi. Da na juya tambayar na ce ta gaya mini da bakinta yadda abin zai shafi gonar citta, sai ta yi shiru, ta sake maimaita haddar, hawaye suka zubo. Karatun da a da take gamawa cikin awa ɗaya ya koma cin awa uku, don layi ɗaya take maimaitawa hankalinta na wani wuri. Wata rana mun shirya zuwa kallon ruwan Matsirga, hadari ya taso muka fasa. Yarinyar da a da ita ce mai ba kowa dariya ta shige ɗaki ta yini tana kuka, don an taɓa tsarin da ta yi wa ranar. Takardar sakamako ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Jarrabawa tana auna abin da aka haddace, ba ta auna tsadar da aka biya kafin a haddace shi.

Wani tsohon gwaji ya ƙara haska wannan. A ƙarshen 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya tara samari 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda a gwada yunwa a kansu, don a san yadda za a ciyar da mutanen da yaƙi ya tagayyara. An rage musu abinci zuwa kusan rabi na tsawon makonni 24, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Waɗannan maza ba su da wata cutar tunani kafin a fara. Amma sai ga su suna tara littattafan girki, suna yayyanka abinci ƙanana suna jan cinsa na tsawon lokaci, suna mafarkin abinci, suna saurin fushi, suna guje wa mutane. Sun yi ta kukan cewa ba sa iya tattara hankali wuri ɗaya. Da aka yi musu gwajin basira a takarda, makinsu bai faɗi sosai ba. A lura da wannan da kyau: makin yana nan, mutumin kuwa yana rushewa. Da na karanta labarin tara littattafan girki, sai na tuna 'yar ƙanwata a bakin murhu tana ciyar da kowa. Yunwa ce ta mamaye tunaninta har ba ta iya nisa da tukunya.

Saura batun "komai tar nake gani". Yarinyar ba ƙarya take yi ba, haka take ji. Idan jiki ya shiga yunwa yakan saki sinadaran fargaba irin su kotisol, waɗanda ke hana barci su sa mutum zirga-zirga, kamar yadda dabba mai jin yunwa ba ta kwanciya sai ta fita nema. Wannan tashin hankali shi ake ɗauka a matsayin kaifin basira. Alhali barcin da aka rasa shi ne lokacin da ƙwaƙwalwa ke adana karatun yini ta mayar da shi ilimi mai zama. Ga kuma babban tarkon: gaɓar da ya kamata ta gane cewa akwai matsala ita ce ta kamu. Alƙalin da zai yanke hukunci shi ne majinyacin. Shi ya sa jiran yarinya ta gane da kanta ta dawo hanya jira ne mai haɗari, musamman da yake ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama ginuwa sai ya haura shekara ashirin.

Na san wani zai ce wannan cutar Turawa ce, ta waɗanda abinci ya yi wa yawa. Zai ce mu da cutar citta ta 2023 ta cinye gonakin Kachia da Jaba da Kagarko, mu da mudun masara ya nemi gagarar talaka, wa zai ga abinci ya ƙi? Zai ƙara da cewa 'yan matanmu ƙiba suke nema, har suna shan ƙwayoyin sha-ka-fashe. Ban raina wannan ƙorafi ba. Yunwar rashi ita ce babbar matsalarmu, kuma ta fi anoreksiya yawa nesa ba kusa ba. Amma kasancewar zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa bai hana a sami mai ciwon ƙoda a unguwa ba. Tun 1981 wani likita mai suna Nwaefuna ya wallafa rahoton wata 'yar Najeriya mai wannan cuta a mujallar likitocin ƙwaƙwalwa ta Birtaniya, a 1988 kuma Famuyiwa ya kawo rahoton wasu 'yan Najeriya biyu. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne binciken da aka wallafa a 2004 a kan ɗalibai mata 668 na sakandare a karkarar arewa maso gabashin Ghana. An sami goma da suka rame matuƙa ba tare da wata cutar jiki ba, illa hana kai abinci. Babu wadda ta yi maganar tsoron ƙiba a cikinsu. Dukkansu sun fassara abin da suke yi da harshen addini da kamun kai. A ƙasashenmu cutar takan zo ne sanye da tufafin da muke girmamawa, na ibada da na himmar karatu, shi ya sa muke yi mata maraba a ƙofa.

Wannan hujja ta yunwar rashi ma tana goyon bayana ne. Babu malamin firamare a Zonkwa ko Kwoi da zai ce yaron da ya zo aji bai karya kumallo ba ya fi fahimta. Kowa ya san tamowa tana daƙile ƙwaƙwalwar yaro. Ƙwaƙwalwa ba ta tambayar dalilin da ya sa abinci bai iso ba. Ko babu ce ta hana, ko tsoro ne ya hana, ɓarnar iri ɗaya ce.

Ga malamanmu da fastocinmu, ina magana da girmamawa, domin ku ake fara kai wa irin waɗannan yara. Hadisin da ya raba ciki kashi uku ya ware wa abinci kasonsa, bai ce a bar cikin wayam ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sahabbansa haɗa azumi dare da rana ba buɗa-baki, ya kwaɗaitar da sahur, kuma shari'a ta ɗauke wa majinyaci azumi. A Littafi Mai Tsarki, lokacin da Annabi Iliya ya gaji ya kwanta a jeji yana fatan mutuwa, mala'ika sau biyu yana tashinsa ya ci ya sha kafin ya kama doguwar tafiya zuwa Dutsen Horeb. Daniyel da abokansa da ɗalibai ke yawan kafa hujja da su, bayan kwana goma na gwaji an same su sun fi sauran samari kyan jiki da cika. Azumin ibada yana da lokacin farawa da na ƙarewa, mai yinsa yana buɗa-baki da murna a cikin jama'a. Idan kuka ga azumin da ba ya ƙarewa, mai yinsa yana ɓoye abinci, yana firgita da ganin kwano, jikinsa yana narkewa, to ku yi masa addu'a, ku kuma ce wa iyayensa su kai shi asibiti a ranar.

A asibiti aikin farko shi ne a tabbatar ba wata cuta ce ke ramar da yaron ba: tarin fuka, ƙanjamau, ciwon suga, cutar maƙoƙo mai ƙona jiki, tsutsar ciki ko gyambon ciki. Ana iya fara wannan a babban asibitin Kafanchan. Idan an kore waɗannan, a nemi a tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Jos. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ce. Ina kuma gargaɗi da babbar murya: kada a danne yaron da ya daɗe cikin yunwa a ɗura masa tuwo lokaci guda. Jikin da ya saba da babu, idan abinci mai yawa ya shigo masa kwatsam, sinadarin fosfet da fotashiyam na jininsa kan faɗi, zuciya na iya tsayawa. Da kaɗan-kaɗan ake farawa, likita na duba jini da bugun zuciya, ana kuma ba da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Duka da gori ba sa magani. Iyaye su daina zargin kansu, domin bincike a kan tagwaye ya nuna gado yana da babban kaso a cutar. Hanyar da ta fi yin nasara ga matasa, wadda aka fara a asibitin Maudsley, iyaye take ɗora wa ragamar ciyarwa: su zauna da yaron a kowane cin abinci, cikin haƙuri da tsayin daka, har sai ya iya riƙe kansa.

Hukunci mafi wuya da ƙanwata ta yanke shi ne janye 'yarta daga jarrabawar wannan shekara. Dangi sun yi surutu, wasu suka ce an yi wa yarinyar asiri ne don an ga za ta yi fice. Uwar ta ce da ni, "Yaya, jarrabawa ana sake ta baɗi. 'Yata fa guda ce." Watanni suka shuɗe ana zama da kwano, wata rana da kuka, wata rana da lallashi, ana komawa wurin likita a kan lokaci. Ban gane ta fara warkewa a kan sikeli ba. Na gane ne wata Asabar da muka sake shirin zuwa Matsirga, mota ta ƙi tashi. Na juya ina jiran kuka. Sai ta ce, "Kawu, ba komai. Mu hau acaɓa mu je Kagoro mu ga dutse, a hanya ka saya mini gasasshiyar masara." Mai juya layi ya dawo bakin aikinsa. Da ta zauna jarrabawar a shekara ta gaba, ta ci, kuma a wannan karon tana iya bayyana abin da ta karanta da bakinta.

Saboda haka ina roƙon iyaye, da malaman makarantun kwana, da masu kula da ɗakunan ɗalibai a kwalejin ilimi ta Gidan Waya da kwalejin jinya ta Kafanchan da sauran makarantunmu: idan za ku duba takardar sakamakon yarinya, ku duba wuyan hannunta, ku duba kwanonta. Ku ci gaba da hore mu da tsakaita ci, wannan gado ne mai kyau. Amma ku daina yaba wa yaron da ke narkewa a gabanku da sunan himma. Magabatan da suka ce yawan ci yana kawo barci su ne kuma suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ilimi rijiya ce mai zurfi, kuma yarinyar da muka tura bakinta da guga tana bukatar ƙarfin da za ta ja.